Labarin Alkawarin Tsaro Tsakanin Nijeriya da Ingila, 1958 zuwa 1962

Cikin takardun da aka rubuta sa'ad da Nijeriya ta ke shirin karɓar mulkin kanta, akwai wata guda wadda ba ta yi tsawon rai ba, amma ta ta da ƙura fiye da sa'o'inta duka. Ita ce takardar alkawarin tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila. An tsara ta a Landan cikin 1958, Majalisar Wakilai ta Ikko ta yarda da ita cikin Nuwamba 1960, aka warware ta cikin Janairu 1962. Uku daga cikin manyan da suka ɗauki nauyinta mutanen Arewa ne, dukansu kuwa a aikin En'e suka yi wayo. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi hakimcin Rabah, ya kuma riƙe ayyukan En'e ta Sakkwato a Gusau. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi malanta a Midil ta Bauchi. Alhaji Muhammadu Ribaɗu ya yi hakimcin Balala, sa'an nan ya yi ma'ajin En'e ta Adamawa. Wurin da aka yi rigimar dominsa kuma ba wani wuri ba ne, Kano ce. Saboda haka labarin ya shafi duk wanda ya san aikin hukuma a ƙasar nan.

Sai mu fara da abin da ya sa idon Ingila ya ke kan Kano. Tun cikin Nuwamba 1925 jiragen sama guda uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da aka gani a wurin. Da aka shiga yaƙin Hitila, aka toshe wa Ingilishi hanyar Bahar Rum, sai daga 1940 suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fatlami, da Fashir, da Hartum, har su isa Alƙahira. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Wanda ya taɓa shan ruwan wata rijiya ran ƙishirwa ba ya manta inda ta ke. To, cikin 1956 Ingila ta kai wa Masar yaƙi a kan mashigin Suwes, ta komo da kunya, ƙasashen Larabawa da dama suka hana jiragen sojanta ratsa samaniyarsu. Ga shi kuwa tana da soja a Kenya da Adan da ƙasashen gabas masu nisa. Cikin 1957 Ministan Tsaro na Ingila, Mista Duncan Sandys, ya fito da sabon shiri, watau a rage yawan soja, a ajiye runduna a gida, in fitina ta tashi wani wuri a kwashe ta da jirgin sama a kai. Shiri irin wannan ba ya yiwuwa sai da zango inda jirgi zai sauka ya sha mai. Zangon da suka fi sani shi ne Kano.

A wannan lokaci sha'anin soja da na hulɗa da ƙasashen waje ba ya hannun 'yan ƙasa. An yi tsarin mulkin Gwamna Richards wanda ya fara aiki cikin 1947, aka yi na Macpherson cikin 1951, aka yi na 1954 wanda ya mai da Nijeriya tarayya, kowanne ya ƙara wa 'yan ƙasa iko bisa ilmi da lafiya da gona da ayyuka, amma waɗannan abubuwa biyu aka bar su hannun Gwamna. Ko da Abubakar ya zama Firayim Minista cikin 1957, Gwamna Janar Sir James Robertson ke riƙe da su. Rundunar sojan Nijeriya ma sai ran 1 ga Afrilu 1958 ta fita daga hannun hukumar soja ta Landan, manyan hafsoshinta kuwa kusan duk Turawa ne. Watau shugabanninmu sun tafi yin ciniki a kasuwar da ba a taɓa barinsu su taya ko akuya a cikinta ba.

Taron tsarin mulki ya zauna a Landan cikin Satumba da Oktoba 1958. Babbar bukatar wakilan Nijeriya ita ce a yanke musu ranar mulkin kai, gama a taron 1957 sun nema, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Mista Lennox-Boyd, ya ƙi faɗa. Ana cikin wannan taro aka keɓe da mutum huɗu, Firayim Minista da Firimiyoyin jihohi uku, watau Abubakar, da Sardauna, da Cif Awolowo na Yamma, da Dokta Azikiwe na Gabas, aka kawo musu kawunan maganar alkawarin tsaro. Abin da ke ciki shi ne, kowace ƙasa ta taimaki 'yar'uwarta wajen tsaro. Ingila ta horad da sojan Nijeriya, ta ba da hafsoshi da makamai. Nijeriya kuma ta bar jiragen sojan Ingila su ratsa samaniyarta, su sauka a Kano da Ikko, ta kuma ba Ingila hayar fili a Kano inda za ta yi gine-ginen zangon jiragenta. Su huɗun suka sa haruffan farko na sunayensu a jikin takardar. A ƙarshen taro aka yanke ranar 1 ga Oktoba 1960. Cikin rahoton da aka buga an ambata cewa shugabanni sun daidaita da Ingila bisa taimakon juna wajen tsaro, amma ba a fito da abin da aka daidaita a kai ba. Majalisa ba ta gani ba, jaridu ba su gani ba.

Ma'aikacin da ya san yadda a ke karɓar ƙasa don aikin gwamnati ya san abin da kalmar nan "fili" ta ƙunsa. Da an ba da shi, da ma'aikatan En'e ta Kano ne za su fita da igiyar awo, su auna gonaki, su ƙidaya ɗorawa da kuka da rijiyoyi, su tara dagatai da masu unguwa, su rubuta diyya, su kuma saurari kukan wanda aka tasa daga gonar gado. Abin da aka rubuta cikin layi biyu a Landan, a ƙauye aikin shekara ne.

Bayan taro kowa ya komo gida, aka shiga neman ƙuri'a. Aka yi zaɓen tarayya cikin Disamba 1959, kujeru 312. NPC ta sami 134, daga baya waɗansu 'yan ba-ruwanmu suka bi ta. NCNC da abokiyarta NEPU suka sami 89. Action Group da abokanta suka sami 73. NPC da NCNC suka haɗu suka kafa gwamnati, Cif Awolowo ya zama shugaban masu hamayya. Nan ne al'amarin ya juya. Wajen neman ƙuri'a Action Group ce ta ce Nijeriya ta tsaya sosai a sahun ƙasashen Yamma, NCNC da NEPU su ne suka ce kada a bi kowane ɓangare, ko na Amurka ko na Rasha. Amma da aka raba kujeru, sai Cif Awolowo ya fito cikin 1960 ya tone maganar takardar nan, ya ce matsa musu aka yi, an nuna musu ba za a faɗi ranar mulkin kai ba sai sun sa hannu. Abubakar ya ce ba wanda ya tilasta kowa. Su kuwa 'yan NCNC da NEPU, da ya ke suna cikin gwamnati, har Malam Aminu Kano yana riƙe da muƙamin mai tsawatarwa a ɓangarenta, sai ya zamana su ne za su ɗaga hannu su goyi bayan abin da ya saɓa wa maganarsu ta jiya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Da hayaniya ta yi yawa, sai a taron da aka sake yi a Landan cikin Mayu 1960 aka cire maganar hayar fili ɗungum. Abin da ya saura shi ne horon soja, da ba da makamai, da ratsa samaniya da sauka ga jiragen ƙasashen biyu, da gwada jirage cikin zafin ƙasarmu, da wani rataye mai bayyana matsayin sojan wata ƙasa in suna cikin ɗayar, da abin da aka ɗauke musu na kuɗin kwastan, da irin laifin da hukumarsu ta soja za ta hukunta su a kai maimakon kotun ƙasa. Aka kuma yarda ba za a ƙulla shi ba sai bayan mulkin kai, Majalisa ta gani ta yarda.

Aka kawo shi gaban Majalisar Wakilai cikin Nuwamba 1960, Ribaɗu yana Ministan Tsaro. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, ya kamata a faɗe ta yadda ta ke. Suka ce ƙasa ce mai faɗi, sojanta 'yan bataliyoyi ne kaɗan, waɗansunsu ma sun tafi Kwango aikin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba mu da sojan sama, na ruwa jariri ne. Makarantar da za ta fid da hafsoshi sosai sai Ingila. Ga tawaye yana ci a Kamaru, bakin iyakarmu. Suka ce babu sansani cikin takardar, ba ta kuma ɗaure Nijeriya ta shiga yaƙin kowa ba. Masu hamayya suka ce jirgin Ingila kullum yana da dalilin ratsa Kano, amma wane jirgin sojan Nijeriya ne zai ratsa Landan, alhali ba mu da ko ɗaya? Suka ce a cikin Maris na shekarar nan 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe baƙaƙen fata 69 a Sharpeville, ga Kenya da Rodeshiya da Nyasaland suna hannun Ingila. In aka ɗebo soja daga Ingila za a kai su danne 'yan'uwanmu, a Kano za su sha mai? Suka ce in manyan ƙasashe suka kama yaƙi, duk inda jirgin Ingila ke sauka ya zama abin hari. Cikin kwanakin nan ne ɗaliban Jami'ar Badun da waɗansu samari suka zo Ikko, suka kutsa harabar Majalisa, suka ci mutuncin waɗansu ministoci, sai da 'yan sanda suka kore su. Duk da haka Majalisa ta yarda da alkawarin da babban rinjaye, aka sa masa hannu cikin Janairu 1961.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a duba maganar tilas, domin ita ce gindin ƙarar Cif Awolowo, kuma magana ce da kowane ɗakin shari'a na ƙasar nan ya san ta. A mazhabar Maliki cinikin wanda aka tilasta ba ya lizimtarsa, haka rantsuwarsa, haka sakinsa. A kan wannan fatawa ce aka yi wa Imamu Malik bulala a Madina zamanin Halifa Mansur, domin masu mulki sun gane in sakin tilas bai auku ba, mubaya'ar tilas ma ba ta ɗaure kowa. Amma alƙali ba ya karɓar da'awar tilas da baki kawai, sai ya tambaya, da me aka tsorata ka? Mutanen nan huɗu ba a ɗaure su ba, ba a zare musu takobi ba. Abin da aka yi, in maganar Awolowo ta tabbata, shi ne mai riƙe da kayanka ya ce ba zai faɗi ranar da zai mayar maka ba sai ka yi masa wata alfarma. Wannan matsi ne, ba kuwa ƙarami ba, mai hankali ba ya musun haka. Sai dai akwai sauran hukunci: in tilas ya gushe, wanda aka tilasta ya zartad da cinikin da son ransa, ciniki ya tabbata. Cikin Nuwamba 1960 tutar Ingila ta riga ta sauka, an cire maganar fili, wakilan da jama'a suka zaɓa suka karanta takarda suka ɗaga hannu. A ganina, ta fuskar doka, alkawarin ba shi da aibi ko kaɗan.

Amma ga shi wajen wata goma sha huɗu kawai ya yi bayan yardar Majalisa. Dalili kuwa, abin da aka ɓoye kusan shekara biyu, ran da ya fito ba wanda ya ke gaskata cewa ya fito duka. Gwamnati ta ce babu sansani, mutane suka ce ai dā ma ba ku gaya mana akwai maganar fili ba sai da aka tona. Duk rantsuwar da ministoci suka yi, sai ta ƙara wa mutane zato. Irin wannan ne ya sa a ke karanta wa mai ƙara da wanda a ke ƙara abin da aka rubuta a littafin kotu da ƙarfi, gaban shaidu, kafin su dangwala hannu. Rubutun da aka yi bayan an rufe ƙofa, ko daidai ya ke harafi da harafi, ba ya kashe gardama. Abin mamaki, mutanen Kudu suka fi ɗaga murya, alhali Arewa ce ta taɓa ganin abin da takarda irin wannan ke zama a hannun mai ƙarfi. Cikin 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya kawo wa Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba takarda a madadin kamfanin da ke ciniki a Kwara. Sakkwato ta ɗauke ta maganar fatauci, kamfani kuwa ya kai ta Turai yana nuna wa Faransa da Jamus cewa ƙasar ta shiga rabonsa. Shekara goma sha takwas bayan haka sojan Gwamna Lugga suka shiga Sakkwato.

Al'amuran waje kuma suka taru suka yi wa alkawarin nauyi. Faransa ta fasa bom ɗin nukiliya a Reggane cikin hamadar Aljeriya ran 13 ga Fabrairu 1960, ta sake cikin Afrilu, ta sake cikin Disamba, mutanen Arewa suna fargabar abin da hunturu zai kwaso ya kawo musu. Ingila, abokiyar tsaron, ba ta hana ta ba. Cikin Janairu 1961 gwamnatin Abubakar ta ba jakadan Faransa sa'a 48 ya bar ƙasar, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa, har sai da Nijar da Dahomey da Cadi suka koka da wahalar da abin ya jawo musu, aka ɗage hanin cikin Mayu. Cikin shekarar nan ƙasashen Afirka suka rabu biyu, ɓangaren Kasabalanka inda Gana da Gini da Mali da Masar su ke, da ɓangaren Manrobiya inda Nijeriya ta ke. Duk sa'ad da Nijeriya ta buɗe baki a taro, sai 'yan ɗaya ɓangaren su yi mata gori da alkawarin nan. A gida ma, cikin Agusta 1961 aka yi babban taron jama'a a Ikko bisa sha'anin Afirka, wanda mai ba Firayim Minista shawara, Dokta Mbadiwe, ya shirya, taron ya nemi a soke shi. Matasan NCNC, da ƙungiyoyin ma'aikata, da ɗalibai, duk bakinsu ya zo ɗaya.

Nijeriya ta kira taron shugabannin Afirka a Ikko ƙarshen Janairu 1962, tana so ɓangarorin biyu su zo. Ana sauran 'yan kwanaki a buɗe shi, gwamnatocin Nijeriya da Ingila suka fid da sanarwa tare cewa sun warware alkawarin, domin mutane sun fahimce shi ba yadda ya ke ba. Amma kowace za ta ci gaba da ba 'yar'uwarta taimakon tsaro irin wanda ya dace tsakanin ƙasashen ƙungiyar renon Ingila. 'Yan Kasabalanka dai ba su zo ba, suka ce don ba a gayyaci gwamnatin masu neman 'yancin Aljeriya ba.

Mai karatu ya lura da ƙarshen sanarwar nan. Takarda ce ta mutu, hulɗa ba ta mutu ba. Samarinmu suka ci gaba da zuwa makarantun soja na Ingila, Bature kuma, Manjo Janar Welby-Everard, shi ya riƙe rundunar soja har Fabrairu 1965, sa'ad da Aguiyi-Ironsi ya karɓa. Ɗalibai sun sami abin da suka nema a takarda, Ingila ta riƙe mafi yawan abin da ta ke bukata ba tare da takarda ba, har ma a iya cewa abin ya komo inda Majalisa ba ta da abin karantawa balle ta yi gardama. Amma ba a ce ba abin da ya sake ba. Ribaɗu ya daina zuba ƙwansa cikin kwando guda: da aka kafa sojan sama cikin 1964 Jamus ta Yamma aka kira ta horad da su, makarantar hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a shekarar nan Indiyawa suka taimaka aka kafa ta, masana'antar makamai ta Kaduna kuma wani kamfanin Jamus ya gina. Tun daga ran nan kuwa kalmar sansanin baƙi ta zama garwashi a siyasar Nijeriya, kowace gwamnati tana gudun a jingina mata ita.

Sauran magana ita ce inda tsarin mulki ya ajiye wannan iko daga baya. Tsarin 1979, da na 1999 wanda ya gaje shi, sun ce cikin sashe na 12 yarjejeniya tsakanin Nijeriya da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin ƙasa sai gwargwadon abin da Majalisar Tarayya ta mayar doka. A lura, sashen bai hana Shugaban Ƙasa ƙulla yarjejeniya ba, bai kuma ce lalle ya karanta ta gaban jama'a kafin ya sa hannu ba. Ƙofar da aka bi cikin 1958 ba a toshe ta duka ba. Inda aka ɗaure sosai shi ne wajen fid da soja. Sashe na 5 na tsarin 1999 ya ce Shugaba ba ya shelar yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, ba ya kuma tura soja faɗa a wata ƙasa sai da iznin Majalisar Dattawa. In haɗari ya taso wa ƙasa gab da gab, yana iya tura su, amma ya nemi yardar Dattawa cikin kwana 7 da fara faɗa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14.

An ga amfanin wannan cikin 2023. Soja suka kifad da gwamnatin Muhammadu Bazum a Nijar ran 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ba su kwana bakwai su mai da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Shugaba Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa yana sanad da ita abin da ƙungiyar ta yanke, aka karanta wasiƙar a zauren Majalisa, jaridu suka ɗauka. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, suka lissafa jihohi bakwai da ke bakin iyaka, Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno, waɗanda mutanensu da na Nijar dangin juna ne. Ran 5 ga Agusta Majalisar ta ba Shugaba shawara ya bi hanyar sulhu, sojan Nijeriya kuwa ba su ƙetare iyaka ba.